Amosanin idon sawu bayan tsohuwar karaya: yadda aka zaɓar wa wani manomin Jigawa magani

Mutumin da wannan bayani ya shafa manomi ne mai shekara 54, daga wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Da damina yana noma gero da riɗi da wake a kan tudu, da rani kuma ya gangara fadama ya yi albasa da tumatir. Ba zan faɗi sunansa ko na garinsu ba. Ni ma'aikacin sashen gashin ƙashi ne a wani asibitin gwamnati a Jigawa, ta hannuna ya bi kafin a yi masa tiyata, ta hannuna kuma ya dawo bayanta. Na ga lamarinsa ya cancanci a rubuta saboda kusan duk hanyoyin da aka sani na maganin amosanin idon sawu sai da aka auna su a kansa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ya raba gardama a ƙarshe ya haɗa da gonarsa da sallarsa da nisan garinsu daga asibiti, tare da abin da hoton ƙashi ya nuna.

Kukan da ya zo da shi ciwo ne a idon sawun dama. Ya ce ya kai shekara 6 yana jin sa, amma a shekara biyun ƙarshe ya hana shi sakat. In ya tashi da asuba ƙafar a sandare take, sai ya ɗan tattaka a tsakar gida kafin ta saki. Da hantsi takan lafa. In ya yini a gona kuwa, kafin la'asar wurin ya kumbura, ya ɗau zafi, takalmi ya ƙi shiga. Tafiya a kan daɓe ko kwalta da sauƙi. Rairayi da kunyoyin gona su ne azabarsa, domin kowane taku sai ƙafar ta karkata tana neman mazauni. Kasuwar Gujungu da ba ya fashinta ranar Lahadi ya daina zuwa, sai dai ya aiki ɗansa. Zaman tahiyya ya gagare shi, tsugunno a bayan gida kuma ya zama abin da yake fargaba tun kafin ya ɗauki buta.

Da na tambaye shi ko ƙafar ta taɓa samun rauni, ya ce a'a, sanyi ne kawai ya shige shi saboda yawan tsayuwa cikin ruwan fadama. Babban ɗansa da ya rako shi ne ya ce, "Baba, ai wannan ce ƙafar da aka yi maka ɗori muna yara." Sai labari ya fito. Shekara 22 da suka wuce, lokacin kaka, yana ɗauko dammunan gero a amalanke, shanu suka firgita, ya diro, ƙafar ta maƙale ta murɗe waje. Aka kai shi wurin mai ɗori, aka ja, aka shafa man kaɗanya, aka jera kara aka ɗaure. Ya yi kwana arba'in a kwance, ya miƙe ya koma gona. Ba a ɗauki hoto ba. A ganinsa ƙafa ta warke sarai, tunda ta yi shekara 16 ba ta ce masa uffan ba.

Abin da ke faruwa a cikin gaɓar

Tambayar tsohon rauni ita ce ta farko da ya kamata a yi wa duk mai ciwon idon sawu. A gwiwa da ƙugu, yawanci tsufa da nauyin jiki da gado ne ke cinye guringuntsi. Idon sawu ya sha bamban. Binciken da aka yi a Amurka da Suwizalan a kan masu amosanin wannan gaɓa ya nuna kashi 70 zuwa kusan 80 cikin 100 sun samo shi ne daga karaya ko targaɗen da ya yi ta maimaituwa, kuma daga ranar karaya zuwa lalacewar gaɓar gaba ɗaya akan ɗauki kimanin shekara 20. Shi ya sa masu shi sukan fi masu ciwon gwiwa ƙarancin shekaru. Mutane ne da ke tsakiyar ƙarfinsu, da iyali a wuya.

Ƙasusuwa uku ne suka haɗu suka yi idon sawu: babban ƙashin ƙauri, da siririn ƙashin da ke gefensa ta waje, da wani dunƙulallen ƙashi da ke zaune a tsakaninsu wanda likitoci ke ce wa talus. Guringuntsin da ya lulluɓe su siriri ne, kaurinsa bai cika wuce milimita 1 zuwa 2 ba, kuma a lokacin tafiya nauyin da ke sauka a kansa yakan kai ninki huɗu zuwa biyar na nauyin jikin mutum. Yana jure wannan ne saboda ƙasusuwan sun zauna daram a cikin juna. Tun a 1976 wasu masu bincike biyu, Ramsey da Hamilton, suka nuna cewa in dunƙulallen ƙashin nan ya goce waje da milimita 1 tak, faɗin wurin da ƙasusuwan ke taɓa juna yana raguwa da kashi 42 cikin 100. Nauyin yana nan yadda yake, wurin ɗaukarsa ya ragu. Da na so in fahimtar da shi, ce masa na yi ya tuna tayar amalanken da ƙarfen gindinta ya karkace: tana juyawa, tana kai kaya gida, amma gefe guda take cinyewa har ranar da za ta fashe.

Da na duba shi, idon sawun dama ya fi na hagu faɗi, dunduniya ta ɗan kauce waje, tsokar sha-raɓa ta rame. Lafiyayyen idon sawu yana ɗagowa sama kamar digiri 20, ya sauka ƙasa digiri 40 zuwa 50. Nasa gaba ɗaya motsin bai fi digiri 10 ba, kuma ina jin gurzar ƙashi a tafin hannuna in na motsa shi. Gaɓar da ke ƙasa da idon sawu, wadda ke karkata dunduniya ciki da waje, tana motsi ba ciwo, haka ma gaɓoɓin tsakiyar ƙafa. Jini na gudana sosai, fata lafiya lau, yana jin taɓi a duk yatsunsa. Waɗannan abubuwa na ƙarshe sun yi tasiri daga baya.

Hoton da ya zo da shi a kwance aka ɗauka, sai likita ya sa aka sake wani yana tsaye a kan ƙafar. Hoton kwance yakan ɓoye gaskiya, domin in ba nauyi ƙasusuwan sukan ɗan rabu a ga kamar akwai sauran guringuntsi. Na tsaye ya nuna siririn ƙashin waje ya haɗe a gajarce, dunƙulallen ƙashin ya goce, sararin gaɓa ya rufe kusan ko'ina, ƙashi na kan ƙashi, ga kuma ƙahonnin ƙashi da suka tsiro ta gaba. An yi gwajin jini don kawar da sauran abubuwan da kan yi kama da wannan a yankinmu: tarin fuka na gaɓa, tsohuwar ƙwayar cuta a ƙashi, amosanin da ke kama gaɓoɓi da yawa lokaci guda, da lalacewar ƙafa ta masu ciwon suga. Babu ko ɗaya.

Ba na cikin masu kushe masu ɗori a dunƙule. Suna kusa da jama'a, suna karɓar abin da mutum ya samu, kuma akwai karayar da ko ba su ba za ta haɗe da kanta in an tsare ta. Amma karayar da ta shiga cikin gaɓa ko ta sa gaɓa ta goce wani abu ne daban, domin hannu ba ya jin gocewar milimita ɗaya ko biyu, komai gwanintar mai hannun. Irin wannan tana buƙatar hoto, wani lokaci da ƙarfe. Da an daidaita ƙashin nan a makon da ya karye, mai yiwuwa da har yau yana kan guringuntsinsa.

Ƙwayoyin da ke aljihunsa

Abin da ya fi tayar mini da hankali a ranar farko ba ƙafar ba ce. Fuskarsa ta yi fam, fatar hannunsa ta yi laushi da tabo-tabo, yana kuma kukan zafin ƙirji da daddare. Na ce, "Baba, me kake sha in ciwon ya taso?" Ya zaro ƙullin leda daga aljihu, ƙwayoyi huɗu masu launi daban-daban, ba suna ba kwali. Haɗi ne da yake saya a kasuwa, yana shan ƙulli ɗaya da safe ɗaya da dare, fiye da shekara biyu. Mai haɗa magungunanmu ya gane uku daga ciki: diklofenak, firoksikam da deksametason. Biyun farko dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ninka illa ga ciki da ƙoda. Na ukun sitiroyid ne, shi ya kumbura masa fuska, kuma shan sa na dogon lokaci yana raunana ƙashi, ya hana ciwo warkewa, ya tayar da suga da hawan jini.

Awo ya nuna jininsa ya hau, aikin ƙodarsa kuma ya fara ja da baya, duk da bai kai matakin tsoro ba. A yankin da aka daɗe ana kokawa da yawan ciwon ƙoda, daga Haɗeja har Gashuwa, wannan ba abin wasa ba ne. Manomi yana yini cikin rana yana zufa, ruwan jikinsa ya ragu, ya zo ya watsa irin waɗannan ƙwayoyi, da azumi ma ya sha su da sahur ya yini ba ruwa. Ƙoda ba ta kuka sai ta kusa gazawa.

Likita bai tsayar da deksametason ɗin rana ɗaya ba. Jikin da ya saba da sitiroyid yakan rage yin nasa, in aka yanke kwatsam mutum na iya faɗuwa, don haka a hankali aka riƙa rage masa cikin makonni. Aka ba shi maganin hawan jini da na gyambon ciki, aka mayar da shi kan farasitamol da man shafawa na diklofenak, wanda kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini. Gaɓar idon sawu tana kusa da fata, shi ya sa man shafawa kan yi mata amfani fiye da yadda yake yi wa ƙugu. Ya yi ƙorafi cewa wannan bai kai haɗin kasuwa ƙarfi ba, kuma gaskiyarsa ne. An gaya masa ƙarara cewa ƙodarsa ba za ta ɗauki wancan ƙarfin ba.

Abin da aka gwada kafin a yi zancen wuƙa

Ƙa'ida ita ce a fara da abin da ba tiyata ba, ko da hoto ya yi muni, domin akwai masu mummunan hoto da ke tafiya da ɗan ciwo kaɗan. Manufar duka ɗaya ce: a rage motsin gaɓar da nauyin da ke sauka a kanta.

Silifas na roba yake sawa, wanda shi ne mafi munin takalmi ga irin ƙafarsa. Akwai takalman da ake yi musamman masu tauri a ƙasa, da ɗan lanƙwasa gaba da baya, yadda takalmin ne zai mirgina a madadin gaɓar. Na kanti sun fi ƙarfin aljihunsa, sai muka sa ya samo tsohon but mai rufe idon sawu a wurin 'yan gwanjo, na zana wa wani shumeka yadda zai ƙara masa tafin taya ya fere shi ta gaba da ta dunduniya, aka ƙara wa na hagun tsawo don su daidaita. Aka haɗa masa da maɗaurin idon sawu mai igiya. Na nuna masa ya riƙe sanda a hannun hagu, wato ɓangaren lafiyayyar ƙafa. Yawancin mutane a ɓangaren ciwo suke riƙewa, kuma hakan ba ya rage nauyi yadda ya kamata. Muka yi aikin ƙarfafa tsokar sha-raɓa da tsokokin gefe, da koyon tsayuwa da ƙafa ɗaya yana dafe da bango. Gashi da ruwan ɗumi da safe ban hana shi ba. Abin da na hana shi ne tsaga da ƙaho a kan wurin, domin fatar idon sawu siririya ce, kuma likitan tiyata zai buƙace ta lafiya in ranar ta zo. Zancen rage ƙiba da ake yi wa mutanen birni bai shafe shi ba, ba shi da abin ragewa.

Waɗannan sun taimaka. Ya koma zuwa masallacin Juma'a da ƙafa, kumburi ya ragu. Amma da damina ta faɗi ya shiga noman farko, sai komai ya dawo. Nan aka yi masa allurar sitiroyid a cikin gaɓar, bayan an tabbatar sugarsa daidai take. Allurar ta yi aiki biyu. Ta ba shi sauƙin da ya kai shi wajen wata biyu, ta kuma tabbatar mana cewa daga wannan gaɓar ciwon yake fitowa, tunda maganin kashe zafin da aka haɗa a ciki ya ɗauke ciwon nan take. Ya nemi a riƙa yi masa duk wata. Ba a yin haka. Ba a son ta wuce sau uku ko huɗu a shekara, sauƙinta yana raguwa in ana maimaitawa, kuma ba a yin ta a cikin wata uku kafin tiyata saboda haɗarin ƙwayar cuta.

Ɗansa mai bin waya ya zo da tambaya a kan wata allura da ake tace jinin mutum a mayar masa a gaɓa, wadda ya ga ana talla. An gwada ta a ƙasar Holan a kan mutum 100 masu amosanin idon sawu, aka buga sakamakon a 2021: waɗanda aka yi wa ita ba su fi waɗanda aka yi wa allurar ruwan gishiri samun sauƙi ba. Allurar man gaɓa ma hujjarta a idon sawu ba ta da ƙarfi. Mun ba su shawara kada su sayar da ko akuya saboda waɗannan.

Zaɓin tiyata

Bayan damina aka tura shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda tun 1959 yake wannan aiki. Hanyoyi biyar ake da su, amma uku sun faɗi da wuri. Wanke gaɓa da na'ura mai kyamara da kankare ƙahonnin ƙashi yana amfanar wanda ƙaho ne kawai ke tokare shi ta gaba alhali guringuntsinsa na nan. Yanke ƙashin ƙauri a sama da gaɓa a daidaita shi don nauyi ya koma ɓangaren da bai cinye ba yana buƙatar a samu ɓangaren da bai cinye ba, shi kuwa babu. Buɗa gaɓa da ƙarfen waje na wajen wata uku, da wayoyi sun huda fata, yana son wanki da kulawa kullum da zuwa asibiti a kai a kai, sakamakonsa kuma ba tabbas. Saura biyu: a sa gaɓar roba da ƙarfe, ko a haɗe ƙasusuwan su zama ɗaya.

Da ya ji an ce haɗewa, ya ce, "Likita, wato a kashe mini ƙafa ke nan?" Kusan kowa haka yake ji, kuma ina ganin wannan tsoro ne ke sa mutane da dama su koma gida su ci gaba da haɗin kasuwa. Abin da aka nuna masa shi ne gaɓar ta riga ta rasa mafi yawan motsinta, ɗan abin da ya rage shi ne ke ba shi ciwo. In an kankare ragowar guringuntsin aka matse ƙasusuwan da ƙusoshin ƙarfe suka haɗe, gurza ta ƙare. Gaɓoɓin ƙasa da na tsakiyar ƙafa suna nan suna motsi, kuma nasa lafiyayyu ne, su za su ɗauki wani ɓangare na aikin. Mutane da yawa da aka yi wa wannan aiki, in suna sanye da takalmi a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, da wuya a gane. Ba a ɓoye masa illolin aikin ba: kamar mutum ɗaya cikin goma ƙashinsa ba ya haɗewa a karon farko, gangara da hawa da tsugunno za su yi wuya, kuma bayan shekaru masu yawa gaɓoɓin maƙwabta sukan fara nasu amosanin saboda ƙarin aiki.

Gaɓar roba ta fi daɗin ji a kunne, ɗansa ma ita ya so. An fara sa ta a Faransa a farkon shekarun 1970, na farkon suka yi ta kwancewa har likitoci suka kusa watsar da aikin. Na yanzu sun inganta ƙwarai, kashi 80 zuwa 90 cikin 100 sukan kai shekara 10 a jiki. Wani babban gwaji da aka yi a Ingila a kan mutum 303 masu shekara 50 zuwa 85, wanda aka buga a 2022, ya kwatanta hanyoyin biyu, ya samu duka sun kawo sauƙi sosai bayan shekara guda, ba tare da wani bambanci na a zo a gani a tsakaninsu ba. Saboda haka tambayar da ta rage ita ce wacce ta dace da wannan mutum. Gaɓar roba ta fi dacewa da wanda ya manyanta, aikinsa mara nauyi, ƙafarsa a miƙe, ƙashinsa da ƙwari, yana kusa da likitan da zai riƙa duba shi duk shekara. Shi kuwa shekararsa 54, yana ɗaukar buhu, yana tsayuwa cikin taɓo, ƙafarsa a karkace, ƙashinsa ya sha sitiroyid shekara biyu. Kayan daga waje ake sayo su da kuɗin waje, kuma in ta kwance ko ƙwayar cuta ta shige ta, gyaran ya fi aikin farko wuya da tsada nesa ba kusa ba. A ra'ayina, da an sa masa ita da an saya masa wata tiyatar ce a gaba, a lokacin da ƙarfinsa da dukiyarsa suka ragu.

Bai amince nan take ba. Abin da ya tsaya masa shi ne salla. Ya je ya tambayi limamin garinsu, wanda ya karanta masa hadisin Imrana ɗan Husaini: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kishingiɗe. Ni kuma na sa shi ya gwada a kan tabarma a sashenmu, da maɗauri mai tauri a ƙafar don ya ji yadda za ta kasance. Tsayuwa da ruku'u ba matsala. Sujada tana yiwuwa tunda yatsu na lanƙwasa. A zaman tahiyya, da yake ƙafar dama ce wadda da ma kafe ta ake yi, ya fi sauƙi a kan da hagu ce. Da ya tashi daga tabarmar ya ce wa ɗansa ya je ya nemi mai sayen sa ɗaya daga cikin shanun huɗa.

Lokacin aikin ma sai da aka yi lissafinsa da kalandar gona. Bayan haɗe gaɓa mutum yakan yi mako shida ba ya taka ƙafar ko kaɗan, sannan wani mako shida yana takawa a hankali cikin siminti ko takalmin asibiti, aikin ƙarfi kuma sai bayan wata shida ko fiye. Aka sa watan Disamba: an gama kaka, an sayar da riɗi akwai kuɗi a hannu, sanyin hunturu zai rage zufa a cikin siminti, kuma kafin shukar Yuni yana iya miƙewa. Noman rani na wannan shekara ya bar wa 'ya'yansa. An kuma sa shi ya bar garin tabar da yake sawa a baki tun makonni kafin aiki, domin nikotin yana matse ƙananan hanyoyin jini ya hana ƙashi haɗewa, ko da hayaƙi ya shiga ko ba da hayaƙi ba.

Bayan aiki

An yi aikin ta buɗe gaɓar, aka gyara karkatar, aka daidaita tafin ƙafa ya kwanta daidai a ƙasa, aka matse da ƙusoshi. Daidaita kusurwar nan shi ne rabin nasarar aikin, domin in aka haɗe ƙafa yatsu na kallon ƙasa, mutum zai yi ta jan gwiwa baya har ita ma ta lalace.

Wahalar ta koma gida. Sandunan dogarawa suna nutsewa a rairayi, don haka 'ya'yansa suka daɓe masa hanya daga ɗaki zuwa bayan gida, kafinta ya huda kujerar katako aka ɗora a kan masai, ana kuma ɗaga ƙafar a kan buhun ƙaiƙayi don kumburi. A mako na biyar aka yi rasuwa a dangi, ya taka ƙafar ya bi jana'iza har maƙabarta, siminti ya tsage a dunduniya. Wasu 'yan uwa suka ce a cire shi a kai wa mai ɗori ya gasa. Uwargidansa ce ta ƙi, ta ce wanda ya sa ƙarfen shi zai cire simintin. Hoto ya nuna ƙusoshin ba su motsa ba, aka sake siminti, amma likita ya ƙara masa makonni, kuma sai a wata na huɗu aka ga ƙashi ya ratsa gaɓar ya haɗe. Shekarun da ya yi yana shan sitiroyid na iya zama cikin abin da ya jawo jinkirin.

Da aka cire siminti ƙafar ta rame ƙwarai. Muka yi aikin sassauta yatsu da tsakiyar ƙafa, da ƙarfafa cinya da ƙugu, da koyon gajeren taku. But ɗin nan mai tafin taya ya sake amfani, domin irin takalmin da haɗaɗɗiyar gaɓa ke so ke nan. Shukar wannan shekara ya yi ta, amma huɗa da noman farko 'ya'yansa suka yi, shi ya shiga a maimai.

Da shekara ta zagayo, ciwon idon sawun ya tafi, ba ya shan komai sai farasitamol jefi-jefi. Yana tafiya gona ya dawo ba sanda. A kan kunya yana bi ta kwari maimakon ya tsallaka, in zai gangara fadama yana sauka a karkace. Tsugunno har ƙasa bai dawo ba kuma ba zai dawo ba, kujerar masai ta zama ta dindindin. In ya yini a tsaye yakan ji ɗan tsami a tsakiyar ƙafa da ƙarƙashin idon sawu, alamar gaɓoɓin maƙwabta suna ɗaukar kaya, don haka an sa masa hoto duk shekara, ko da wuri in tsamin ya zama ciwo. Fuskarsa ta saɓe, yana kan maganin hawan jini, awon ƙodarsa ya tsaya inda yake bai ƙara lalacewa ba, kuma ana maimaita shi duk wata shida, ɗaya daga ciki kafin azumi.